IGF-1 da kunnen mai shan allura: abin da aka gano a Kiyoto da inda maganar ta tsaya

A wani ɗakin gwaji na Jami'ar Kiyoto da ke Japan, masu bincike sun ciro katantanwar kunnen jariran ɓeraye 'yan kwanaki da haihuwa. Girmanta bai wuce ƙwayar gero ba, sai a ƙarƙashin madubin likita ake iya feɗe ta. Suka zare ɗan zirin naman da ƙwayoyin ji suke jere a kansa, suka shimfiɗa shi a faranti cikin ruwan da zai rayar da shi na wasu kwanaki, sannan suka zuba masa niyomaisin. Wannan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da aka daɗe da sanin cewa guba ne ga kunne. A farantan da aka bari da niyomaisin kaɗai, sahun ƙwayoyin ya zama kamar bakin da haƙora suka zube, nan giɓi can giɓi. A waɗanda aka haɗa da wani sinadarin raino mai suna IGF-1, wato furotin da jiki ke yi don gaya wa ƙwayoyi su girma ko su ci gaba da rayuwa, ƙwayoyi da yawa sun tsira a sahunsu. Yushi Hayashi da Norio Yamamoto da abokan aikinsu suka wallafa sakamakon a 2013.

Wanda ya ji wannan zai ɗauka magana ta ƙare: ga guba, ga makarinta. Amma har yau babu asibitin da ake yi wa mutum allurar jentamaisin ko amikasin, 'yan uwan niyomaisin, a haɗa masa da IGF-1 don kare kunnensa, ko a Japan ɗin. Na zaɓi lamarin Kiyoto ne domin su ne suka fi kowa nisa da irin wannan sinadari, sun kai shi har cikin kunnen mutane. Inda suka tsaya ya fi inda wasu suka fara koyar da darasi.

Asalin matsalar

A 1943 Albert Schatz ya gano sitireftomaisin a ɗakin gwajin Selman Waksman na Jami'ar Rutgers a Amurka. Shi ne magani na farko da ya yi tasiri a kan tarin tibi, cutar da kafin nan sai dai hutu da addu'a. Ba a yi shekara biyu da fara ba wa mutane shi ba, likitocin asibitin Mayo suka ba da rahoton cewa wasu marasa lafiya na fama da jiri, wasu jinsu na raguwa. 'Yan uwansa suka biyo baya: niyomaisin a 1949, kanamaisin a Japan a 1957, jentamaisin a 1963, amikasin a 1972. Duk dangi ɗaya ne, aminogilaikosaid, kuma duk da hali ɗaya aka haife su. Suna kashe ƙwayar cuta da sauri, suna da araha, suna taɓa ƙoda da kunne. Ƙoda takan farfaɗo idan an daina maganin. Kunne ba ya farfaɗowa.

Kowanne da inda ya fi kai duka. Kanamaisin da amikasin da niyomaisin sun fi cin ɓangaren ji. Sitireftomaisin da jentamaisin sun fi cin ɓangaren da ke riƙe wa mutum daidaiton tsayuwa da tafiya, wanda shi ma a can cikin kunne yake. A 1952 wani likita da ya sa hannu da haruffan J.C. kawai ya ba da labarin kansa a wata mujallar likitanci ta Amurka, bayan sitireftomaisin da aka yi masa saboda ciwon gwiwa ya lalata masa wannan ɓangare gaba ɗaya. In zai yi karatu a gadon asibiti, sai ya saƙala kansa tsakanin ƙarafunan gadon, domin bugun jininsa kaɗai ya isa ya sa haruffa rawa a idonsa. In yana tafiya a titi ya hangi allo, sai ya tsaya cak kafin ya iya karanta shi. Ba ya gane fuskar mutum muddin ƙafarsa na motsi. Mutumin da wannan ya sama a garuruwanmu, da wuya wani ya danganta abin da allurar da aka yi masa wata biyu baya. Za a ce hawan jini ne, ko a ce iska.

Yadda gubar take shiga

A cikin ƙashin bayan kunne akwai wani bututu a naɗe kamar katantanwa, zagaye biyu da rabi da ɗan ɗoriya, cike da ruwa. A tsawonsa ƙwayoyin gashi suke jere, an kira su haka saboda 'yan tsirarun gashi da ke tsaye a kansu. Sahu ɗaya na ciki yana da kimanin 3,500, su ne ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Sahu uku na waje suna da kimanin 12,000, aikinsu ƙara wa sauti ƙarfi da tace shi. Abin da aka haifi mutum da shi ke nan, babu ƙari har ya koma ga Allah.

Idan sauti ya kaɗa ruwan, gashin yakan ranƙwafa, sai wasu ƙananan ƙofofi da ke samansa su buɗe. Ta haka ake ji. Ta wannan ƙofa ɗin kuma maganin yake kutsawa, kamar yadda Walter Marcotti da Corné Kros da abokin aikinsu suka nuna a 2005. Yana shiga cikin sauƙi, fita ta gagare shi, ya yi ta taruwa. An iske shi a ƙwayoyin gashin dabbobin gwaji watanni bayan an daina ba su. Shi ya sa ake samun wanda aka sallama daga asibiti lafiya lau, sai bayan ya koma gida jinsa ya ci gaba da zubewa.

A cikin ƙwayar, maganin yana haɗuwa da sinadarin ƙarfe ya haifar da wasu guntayen iskar oksijin masu ƙona duk abin da suka taɓa. Yana kuma afka wa mitokondiriya, wato janareton da ke ba ƙwayar wuta. Dalilin haka kuwa, injin haɗa furotin da ke cikin mitokondiriya ya yi kama da na bakteriya, sai maganin ya kasa bambance baƙo da ɗan gida. Idan ɓarnar ta kai wani mizani, ƙwayar da kanta take tayar da tsarin kashe kai, ta tattara ta mutu. A riƙe wannan batu, domin a kansa duk fatan sinadaran raino ya rataya. Mutuwar ba farat ɗaya take zuwa ba kamar an sare reshe. Shawara ce ƙwayar take yankewa, kuma shawara ana iya sa baki a cikinta.

Ɓarnar tana farawa daga gindin katantanwa, inda ake jin sauti mai tsini, sannan ta hau sama. Gwajin ji na yau da kullum yakan tsaya a sautin da ke kaɗawa sau 8,000 a daƙiƙa, ita kuwa gubar sama da nan take fara aiki, don haka tana iya yin nisa kafin na'ura ta kama ta. Idan ta gangaro kan sautin magana, baƙaƙe irin su s da sh da f da ts ne suke fara ɓacewa, alhali karin murya, hawa da sauka, yana nan. Sara, shara, fara da tsara duk su koma abu ɗaya a kunnen mutum. Sai ka ji yana cewa: "Ina jin kuna magana, ganewa ce ba na yi."

Waɗanda suka riga Kiyoto

Kaza ta fi mu sa'a a nan. A 1987 da 1988 aka gano cewa idan ƙara ko jentamaisin ta kashe wa ɗan tsako ƙwayoyin gashi, sababbi suna tsirowa daga ƙwayoyin da ke tallafe da su. Kifi ma haka. Mutum da ɓera da duk mai shayarwa ba su da wannan baiwa a katantanwa. Tunda ba a iya mayarwa, sai hankali ya koma kan tsare abin da ake da shi.

Sinadaran raino wasu furotin ne da jiki ke yi don gaya wa ƙwayoyi su girma, su rabu, ko su ci gaba da rayuwa. Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen ne suka gano na farko a shekarun 1950, suka karɓi kyautar Nobel a 1986. Daga baya aka samo BDNF a 1982, NT-3 a 1990, GDNF a 1993. Ba a jima ba masu binciken kunne suka yi musu caa.

Sakamakon farko mai ƙarfi daga Cibiyar Karolinska ta Suwidin ya fito a 1996. Patrik Ernfors da Barbara Canlon da abokansu suka yi amfani da ɓeran Masar, wanda maganin ke kashe masa kusan kashi 90 cikin 100 na jijiyoyin ji. Da suka riƙa ɗura NT-3 kai tsaye cikin kunnen, jijiyoyin suka tsira. Sai dai jijiya ce aka ceto, ba ƙwayar gashi ba. An tsare wayar lantarki, an bar ƙwan fitila ya ƙone. A shekarar dai, ɗakin gwajin Allen Ryan a San Diyego ya nuna cewa wani sinadarin, FGF-2, yana kare ƙwayoyin gashin kansu daga niyomaisin, amma a faranti. A 1999 ƙungiyar Yehoash Raphael a Jami'ar Mishigan ta bi wata hanya: suka loda wa wata ƙwayar bairos da aka raunana umarnin yin GDNF, suka zuba ta cikin kunnen ɓeran Masar, kunnen ya koma yana haɗa maganinsa da kansa. Da aka kawo gubar, kunnen da aka yi wa haka ya fi ɗan uwansa yawan ƙwayoyin da suka rage.

Akwai wani abu a cikin wannan gwaji na Mishigan da ya shafi kowane ɗakin jinya. Yadda suke kurmantar da dabbar shi ne su haɗa mata kanamaisin da maganin sa fitsari mai ƙarfi. Haɗin biyun yana share ƙwayoyin gashi cikin ɗan lokaci, abin da kowannensu shi kaɗai ba zai yi da wannan sauri ba. Dangin Lasix ke nan, wanda ake ba mai kumburin jiki ko ciwon zuciya. Abin da masu bincike ke yi da gangan don su kashe kunnen dabba, ana iya yi wa mutum shi bisa rashin lura.

Abin da Kiyoto ta yi daban

Ƙungiyar Juichi Ito da Takayuki Nakagawa ta fara ne daga tambayar da likita zai yi: wanne daga cikin sinadaran nan ne zan iya sa wa mutum gobe? IGF-1 ya cika sharaɗin. Hanta ce ke yin mafi yawansa, ya yi kama da insulin a ƙira, kuma an riga an ba shi lasisi a matsayin magani ga yaran da girmansu ya tsaya, don haka an san halinsa a jikin ɗan Adam. Akwai kuma shaidar cewa kunne na bukatarsa. A 1996 likitoci a Landan sun ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 15 da aka haifa jikinsa ba ya yin IGF-1 sam. Bai girma ba, kuma kurma ne. Ɓerayen da aka cire musu umarnin yin IGF-1, waɗanda aka bincika a Madrid, su ma kurame suka tashi.

Saura hanyar kai shi. Kunnen ciki yana da shinge tsakaninsa da jini, babban furotin ba ya ratsa shi da sauƙi, kuma idan aka cika jini da IGF-1 sukari na iya faɗuwa. Masu gwaji da dabba sukan huda ƙashi su sa ɗan famfo mai ɗigo dare da rana, abin da ba wanda zai yi wa mutum mai sauran ji. Dabarar Kiyoto ta fito ne daga Yasuhiko Tabata, masanin kayan da ke narkewa a jiki. Ya yi wani abu da jelatin, irin abin nan da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya kwana. Ana jiƙa ɗan gutsure da IGF-1. Likita ya kashe zafin wurin, ya ɗan tsaga dodon kunne, ya tura gutsuren ya zauna a kan wata 'yar tagar fata mai zagaye da ke raba kunnen tsakiya da katantanwa. Jelatin yana narkewa a hankali, sinadarin yana tsatsafowa ta tagar zuwa ruwan ciki na tsawon kwanaki.

Sun gwada a dabbobi daga 2006, kan ɓarnar ƙara mai ƙarfi da ta tsayawar jini, aka ga kariya. Sannan suka shiga asibiti. A nan ne lamarin ya yi kwana, domin marasa lafiyar da suka ɗauka ba masu shan allura ba ne. Mutane ne masu kurmancewar farat ɗaya, wadda mutum ke wayar gari kunne ɗaya ya ɗauke ba a san dalili ba, kuma maganin sitiroyid bai yi musu aiki ba. A gwajin farko da aka wallafa a 2010, mutum 25 aka yi wa. Kashi 48 cikin 100 jinsu ya ƙaru a mako na 12, kashi 56 a mako na 24, ba a samu wata mummunar illa ba. A 2014 aka fitar da babban gwajin, mutum 120 da aka raba ta hanyar ƙuri'a: rabi IGF-1 a jelatin, rabi allurar dekzametazon, wani nau'in sitiroyid, ta dodon kunne. A mako na 8, kashi 66.7 na masu IGF-1 sun samu ci gaba, na ɗaya ɓangaren kashi 53.6. A ido tazarar tana da kyau. A lissafi ba ta kai matsayin da za a rantse cewa ba dace ba ne. Abu ɗaya da ya fito fili shi ne ba wanda dodon kunnensa ya zauna a huje cikin masu jelatin, alhali kashi 15.5 na masu allurar sun rage da huji.

Gwajin farantin 2013 ya zo ne a tsakanin waɗannan biyun, don a fahimci yadda sinadarin ke aiki. Abin da ya nuna ya ba ni sha'awa fiye da lambobin asibitin. IGF-1 yana hana ƙwayoyin sahun ciki kashe kansu ta wata hanya, na waje kuma ta wata hanyar daban wadda ta bi ta kan maƙwabta: sai ƙwayoyin tallafi da ke gefensu sun motsa sannan su tsira. A 2017 ƙungiyar ta gano ɗan aiken da ke tsakani, wani furotin mai suna netrin-1, wanda ƙwayoyin tallafin ke fitarwa idan IGF-1 ya taɓa su.

Me ya tsayar da shi

A ganina cikas na farko yana cikin farantin kansa. Ɓera ba ya fara ji sai ya yi kusan kwana 12 a duniya. Katantanwar da aka yi gwajin da ita ta jariri ce da ba ta gama nuna ba, ƙwayoyinta na da saurin amsa kiran sinadaran raino fiye da na babba. Kuma a faranti babu shinge, babu ƙashi, guba da makari tare suke iyo a ruwa ɗaya.

Na biyu shi ne lokaci. Kariya kafin ɓarna take aiki ko tare da ita. Ka ɗauki mai tarin tibin da ba ya jin magani, a tsarin da, wanda ake yi wa allura kusan kullum na tsawon watanni. Jelatin kwanaki yake yi ya narke. Ke nan sai a yi ta tsaga masa dodon kunne, hagu da dama, tun kunnen yana lafiya, don tsoron abin da wataƙila ba zai same shi ba. Mai kurmancewar farat ɗaya ba shi da abin asara, kunne ɗaya ne kuma ya riga ya tafi. Ina jin wannan ne ya sa Kiyoto ta zaɓe shi, kuma ban ga laifinsu ba. Ko jaririn da cuta ta shiga jininsa, wanda dole a yi masa jentamaisin cikin sa'a guda, wa zai tsaya neman likitan kunne da madubi?

Akwai kuma tambayar abin da ke faruwa idan an janye. Masu bincike a Melbon ta Ostareliya sun ba da rahoto a 2003 cewa jijiyoyin da BDNF ya raya sun zube da sauri bayan an rufe famfo. Wasu a Holan daga baya sun samu kariyar ta ɗore, har yau dai ba a daidaita ba. Ga shi kuma sinadarin da ke ce wa ƙwaya ta girma ba abin da za a saki ba ne a jiki wata da watanni ba tare da fargaba ba. Kamfanin Otonomy na San Diyego ya gwada BDNF ta dodon kunne ga masu wahalar gane magana cikin hayaniya. Sakamakon 2022 bai nuna amfani ba a manyan awo, kamfanin ya naɗe tabarmarsa. Inda sinadaran suka samu wurin zama shi ne wajen waɗanda suka riga suka kurmance. A 2014 ƙungiyar Gary Housley a Sidni ta yi amfani da wayar na'urar ji da ake dasawa a katantanwa ta tura umarnin yin BDNF cikin kunnen ɓeran Masar, jijiyoyi suka sake miƙo rassa wajen wayar. Kunnen a buɗe yake dama saboda tiyata, matsalar ƙofa ta kau. Amma wannan gyaran bayan ɓarna ne, kuma dai jijiyar ce, kamar a 1996.

Abin da ya ceci kunnuwa a wannan tsakani

Abin dariya, maganin da ya fi nuna kariya a jikin mutane aspirin ne. Su-Hua Sha da Jochen Schacht na Mishigan, tare da likitoci a Shi'an ta ƙasar Sin, sun gwada shi ga mutum 195 da ake yi wa jentamaisin. A rahoton 2006, kashi 13 na waɗanda ba su sha ba jinsu ya ragu, na waɗanda suka sha kashi 3. Sai dai giram uku ne a rana, awon da ke iya sa ciki zubar da jini, kuma bai dace da yara ba. Bai zama ƙa'ida ba, kada kowa ya gwada da kansa.

Babban sauyin daga wajen ɗakin gwaji ya zo. Wani nazari na 2021 da ya tattara rahotanni daga ƙasashe da yawa ya kiyasta cewa kusan mutum 4 cikin 10 da aka yi wa allurar nan saboda tibi mai taurin kai sun samu raunin ji. Phumeza Tisile, 'yar Afirka ta Kudu, tana cikinsu. Kanamaisin ya kurmantar da ita tana budurwa, ta warke daga tibin, ta tafi har taron Hukumar Lafiya ta Duniya a 2014 da takardar koke. A Yunin 2018 ƙasarta ta maye gurbin allurar da ƙwayar bedakwilin, bayan 'yan watanni hukumar ta cire kanamaisin daga jerin magungunan da take ba da shawara, ta bar amikasin a sahun baya da sharaɗin a riƙa gwada ji. A 2022 ta amince da tsarin wata shida na ƙwayoyi zalla.

A Manchesta ta Ingila wata hanya suka bi. Tun 1993 aka san wani canji a gadon mitokondiriya da ke sa allura ko guda ɗaya ta iya kurmantar da mutum. Ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, kuma a Turawa kusan mutum 1 cikin 500 ke ɗauke da shi. Suka ƙera na'urar da ke gano shi cikin minti 26 daga abin da aka shafo a kumatun jariri, in an gani a canza magani. Mu da ba mu da na'urar muna da tambayar da ba ta cin ko kwabo: a dangin mahaifiyarka akwai wanda ya kurmance bayan allura?

Tambayar ta shafe mu domin jentamaisin, wadda a kemis ake ce wa janta, tana cikin alluran da aka fi yi a ƙasar nan, sau da yawa ba tare da an auna nauyin mutum ko an duba ƙodarsa ba. A 2010 hukumar NAFDAC ta soke rajistar kwalbar miligiram 280 saboda rahotannin lalacewar kunne da ƙoda. Ba a hana maganin kansa ba, kuma bai kamata a hana ba. Zariya na cikin wuraren da aka gudanar da gwajin AFRINEST, tare da Ibadan da Ile-Ife da wasu wurare a Kenya da Kwango, wanda ya kai ga shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015: jaririn da ke da alamun cuta mai tsanani, idan ba halin kai shi babban asibiti, a yi masa jentamaisin sau ɗaya a rana tare da amoksisilin na sha. Kwana biyu ne ko bakwai, da awon da aka lissafa bisa nauyinsa, kuma yana ceton rai.

Haɗarin ya fi yawa inda aka zarce kwanaki, ko aka maimaita zagaye bayan zagaye, ko ƙoda ta yi rauni maganin ya taru a jini, ko aka haɗa da maganin fitsari. Babba yana da alamun da zai iya faɗa: ƙara a kunne kamar kukan gyare, jin kunne ya toshe, ko ƙasa ta riƙa rawa idan yana tafiya, musamman da dare. Duk wanda ya ji ɗaya daga ciki yana tsakiyar allura, ya gaya wa likita a ranar, kada ya jira kwalaben su ƙare. Jariri ba shi da bakin faɗa. Wanda aka yi wa allurar a makon haihuwa, a kai shi gwajin ji kafin ya cika wata uku. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna tana yi, haka ma sassan kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, kuma ana iya yi yana barci a cinyar uwarsa.